Yaron da Ya Ƙi Buga Katifa

Baban Auta ba ya nan. Allah Ya yi masa rasuwa bara, bayan gajeriyar rashin lafiya. Yanzu da yamma babu mai shigowa gida da jaka a kafaɗa, ya jiƙe da gumi, yana neman ruwan sanyi.

Ni ce matarsa. Guga nake yi a wani shagon wankin kaya. Karatuna bai yi nisa ba, amma na ga wani abu da idona, kuma ina so yara su ji shi.

Maigidana direban motar kaya ne. In ya tashi daga aiki, yakan je koyon wani wasa da ake kira jiu-jitsu. Ni dai kokawar kwance nake ce masa, don duk sanda ya nuna mini hotonsu, a ƙasa nake ganinsu.

Wata rana Auta ya ciro farar rigar wasan babansa ya saka. Hannun rigar har gwiwarsa.

Yayarsa ta tuntsire da dariya. "Kai ka sa rigar, ko ita ce ta sa ka?"

Auta bai kula ta ba. Ya ce, "Mama, ki kai ni wurin Malamin Baba."

Na kai shi.

Ɗakin wasan yana saman wani shagon tayoyi. Ana hawa ta matakalar ƙarfe. An shimfiɗe ƙasa da katifu masu tauri, shuɗɗa, wasu duk faci. Takalma a jere bakin ƙofa. Akwai benci ɗaya na iyaye, a nan na zauna.

Na zaci zan ga ƙato. Sai ga wani ɗan tsoho siriri, mai furfura, da baƙar ɗamara irin ta ƙwararru, wadda ta koɗe. Shi ne Malam. Ya dubi Auta ya daɗe, sannan ya ce, "Goshin babanka ne sak. Mu ga faratanka."

Sai da aka yanke faratan, aka ba shi riga daidai shi da farar ɗamara, sannan ya hau katifa.

Darasin farko faɗuwa ce. Ka sunkuyar da haɓa a ƙirji, ka faɗi ta baya, ka mari katifa da hannu biyu. A sake. A kuma sake.

Auta ya ɓata rai. "Malam, ni kayar da mutum na zo koya."

"Za ka kayar," in ji Malam. "Amma kafin nan za a kayar da kai ba adadi. Gara ka iya sauka lafiya."

Sai Malam ya kwanta rigingine. Ya kira wani babban ɗalibinsa da ake wa laƙabi da Tanka, ya ce ya hau ƙirjinsa ya zauna. Tanka ya yi ukun Malam a girma. Na dafe baki. Na ce a raina yau za a karya tsohon nan.

Malam ya riƙe hannun Tanka ɗaya, ya maƙale masa ƙafa ta wannan ɓangaren, ya ɗaga ƙugu sama. Kafin in ƙifta ido, Tanka yana ƙasa, Malam yana sama yana gyara ɗamararsa. Ko nishi bai yi ba.

"Ikon Allah!" Ban san sanda ta fito daga bakina ba. Yara suka yi ta dariya.

"Ba ƙarfi ba ne, Maman Auta," in ji Malam. "Na ɗauke masa hannu da ƙafar da zai dogara da su. Dole ya bi inda na tura shi."

Ya tara yaran ya ce, "A nan ba naushi, ba shuri. Riƙo ne da dabara. Amma ga babbar doka. In an riƙe ka, ka ji zafi ko numfashinka ya toshe, ka buga tafin hannunka sau biyu, a jikin abokinka ko a katifa. Shi kuma yana ji, ya saki nan take. Kun ji?"

"Mun ji, Malam!"

A hanyar gida Auta ya ce, "Ni ba zan taɓa bugawa ba."

"Don me?"

"Wanda ya buga an fi ƙarfinsa ke nan. Baba bai taɓa bugawa ba. Ko a asibiti bai ce wayyo ba."

Na kama hannunsa muka ƙarasa gida.

Auta ya yi ta zuwa. Ya iya faɗuwa. Ya iya zamewa da ƙugu a ƙasa kamar kifi. Sai ranar da aka haɗa shi gwaji da wani yaro siriri, Tsinke, wanda ya riga shi farawa.

Auta ya afka masa da ƙarfi. Tsinke bai yi gardama ba, ya bi shi a hankali. Can sai na ga hannun Auta a miƙe tsakanin ƙafafun Tsinke, gwiwar hannun tana shirin lanƙwasa ta baya.

"Buga, Auta!" in ji Malam.

Auta ya cije leɓe.

"Tsinke, saki!"

Kafin Tsinke ya saki, Auta ya fizge hannun da dukkan ƙarfinsa. Ihun da ya yi har mai shagon tayoyi ya hauro sama.

Likita ya ce ƙashi bai karye ba, targaɗe ne. Aka ɗaure hannun aka rataya masa a wuya. Yayarsa ce take sa masa riga, take rubuta masa aikin gida in ya faɗa mata.

Malam ya zo gaishe shi. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Auta, yaron da ba ya bugawa ba ya hawa katifata. Ka zo ka zauna a benci ka yi kallo. In ka canza ra'ayi, ka faɗa mini. In ba ka canza ba, ka dawo mini da ɗamarar."

Auta ya rungume ɗamarar a ƙirjinsa.

Muka koma, muka zauna a benci tare. Tsinke yana can gefe shi kaɗai. Duk wanda aka haɗa shi da shi, sai ya ƙi riƙe shi sosai. Tsoro yake ji kada ya sake ji wa wani ciwo.

"Ka gan shi?" na ce. "Ba hannunka kaɗai ka ɓata ba."

Da aka kusa tashi, Malam ya kira Tanka su gwada. Ɗakin ya yi tsit. Ba ka jin komai sai ƙarar fanka da numfashinsu. Suna juyawa a hankali, wannan ya kama, wancan ya zame. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Sai Tanka ya zagaya bayan Malam, ya sa hannu a wuyansa.

Malam ya buga. Sau biyu, a cinyar Tanka.

Tanka ya saki. Malam ya tashi zaune yana dariya. "Kai, ɗan nema! Ina ka samo wannan? Zo ka nuna mini yadda ka yi."

Auta ya miƙe tsaye, baki buɗe. "Malam! Kai ma kana bugawa?"

"Da ba na bugawa, da wane wuya zan kai tsufa?"

"To, Baba fa?"

Malam ya zo ya zauna kusa da shi. "Babanka? Ai ban taɓa samun ɗalibi mai saurin bugawa irinsa ba. Yana bugawa yana cewa a sake. Shi ya sa ya fi kowa saurin koyo. Daga baya ni ma ya sha sa ni bugawa, ya tafi gida yana yi mini tsiya."

Auta ya juyo ya dube ni. A lokacin bakina ya buɗe.

"Ko a asibiti ya faɗa, Auta. In ciwon ya tashi yakan ce, 'Kira mini likita, na kasa.' Ni yake faɗa wa. Ku kuma yana son ku ga murmushinsa."

Auta ya kifa kai a cinyata ya yi kuka. Tun rasuwar babansa bai yi irin wannan kukan ba. Malam ya sallami yara, ya bar mu muka zauna.

Da hannun ya warke, Auta ya je gaban Malam ya ce, "Zan buga." Sannan ya nufi Tsinke. "Ka yafe mini. Laifina ne, ba naka ba. Zo mu gwada, kuma ka riƙe ni da gaske."

Tsinke ya dubi Malam. Malam ya gyaɗa kai.

Ba a jima ba hannun Auta ya sake shiga tarko. Sai na ji ƙarar tafin hannu a katifa, sau biyu. Tsinke ya saki. Auta ya tashi, hannunsa lafiya lau.

"A sake!" in ji shi.

Malam ya juya baya yana share ido da hannun rigarsa.

Yanzu Auta da Tsinke ba sa rabuwa. Kullum Auta yana bugawa, kullum yana ƙara iyawa. In lissafi ya gagare shi a makaranta, yakan ɗaga hannu ya ce bai gane ba, abin da da ba ya yi.

Yara, in abu ya fi ƙarfinku, ku faɗa. Ba abin kunya ba ne. Wanda ya ce "na kasa, a nuna mini" shi ne zai iya gobe. Wanda ya ɓoye ciwonsa yana cutar kansa, yana kuma cutar masu ƙaunarsa.

Ku taya ni da addu'a. Allah Ya ji ƙan Baban Auta, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya raya mana yaranmu, Ya ba su ƙarfin jiki da taushin zuciya. Ku ce amin.