Wankin da Ba a Sa Shi Ba

Da hantsi ne, rana ta fito tas babu ko ɗigon gajimare. Mai wanki ya gama shanya zannuwan gadon wani masauki a filin da ke bayan katangar jami'a, ya zauna a kan bokiti yana matsa ƙugunsa. Sai ga wata budurwa ta nufo shi da jaka a baya, tana jan ƙafa kamar wadda ta yini a hanya.

"Sannu da aiki. Zannuwan nan naka ne?"

"Na mutane ne, Malama. Wankin ne nawa."

Ta nemi dutse ta zauna, ta yi masa bayani a hankali. Ɗaliba ce a sashen taswira, tana binciken yadda kwazazzabon da ke gefen filin yake cin ƙasa yana matsowa gidajen mutane. Suna tayar da ɗan jirgi marar matuƙi ya ɗauki hotuna daga sama, kwamfuta ta haɗa su su zama taswira. Ta nuna masa wasu ƙyallaye masu zanen baƙi da fari da ta kafe a ƙasa da ƙusoshi. Alamominta ne, an auna mazaunin kowanne da na'ura, da su kwamfutar take gane inda komai yake.

"To zannuwanka sun rikita ta. Yau fari a nan, gobe fari a can. Har biyu daga alamomina ka rufe."

Ya kalli zannuwan, ya kalle ta, ya ga idanunta sun yi ja don rashin barci. Sai ya tashi ya fara kwashewa da danshinsu.

Haka suka raba ranar Allah. Safiya tata, bayan azahar tasa. Kayansa suka riƙa kwana da laima, yana guga yana hamma, amma bai taɓa faɗa mata ba. Ita ta laƙaba masa Wankau, shi kuwa bai iya sauya mata suna daga Malama ba, sai dai muryar da yake faɗa da ita ce ta sauya.

Da yamma sai saƙo ya shigo wayarta:

"Malama, kin ci abinci?"

"Na ci biskit, Wankau."

"Biskit ba abinci ba ne. Gobe zan zo miki da na gaske, ki ci ina kallo."

"Kai dai ka zo. Ko ba abinci."

Babanta tsohon direban bas ne. Da maganar soyayyarsu ta kai kunnensa, ya daɗe yana juya makullin motarsa a hannu.

"Ban raina sana'ar kowa ba," ya ce wa mahaifiyarta. "Amma tun tana ƙarama nake kai yarinyar nan makaranta kafin in ɗauki fasinjan farko. Ga abokin karatunta, wannan mai tayar da jirgin, yana zuwa gaishe ni da ladabi. Shi me ya rasa?"

"Ita ba shi take so ba."

"To shi kenan. Ta gama karatunta bana. In ta gama, mai wankin ya turo manyansa. In ta faɗi, kada in sake jin zancensa a gidan nan."

Wankau ya ji sharaɗin, ya rasa ta inda zai taimaka. Bai san kwamfuta ba, bai san lissafi ba. Abu ɗaya ya lura da shi: alamomin Malama sun yi dauɗa, awaki sun taka su, farin ya koma ruwan ƙasa. Ya ce a ransa, ta yaya jirgi zai hango abu mai datti haka daga sama? Sai ya riƙa cire su da yamma, ya wanke, ya goge, ya mayar da su kafin ta iso. Ya yi haka sau da yawa, yana jin daɗi shi kaɗai.

A ɗakin kwamfuta kuwa lissafi ya ƙi fita. Taswirar wannan mako ta nuna kwazazzabon ya matso, ta mako na gaba ta nuna ya koma baya. Mai Jirgi, abokin karatun nan nata, ya jingina da kujera ya ce, "Wani yana taɓa miki alamomi. Ni dai na san wanda ke yini a filin."

Ta tafi filin. Ta durƙusa gaban alama ta farko, ta ga fari ƙal, ta ji ƙamshin sabulu, ta ga karin guga a gefe. Kusa da kowace ƙusa akwai tsofaffin ramuka.

"Wankau, har da guga?"

"Sun yi datti ne, Malama. Amma kowanne na mayar da shi wurinsa."

"Wurinsa da ido." Ta zauna a ƙasa. "Ko faɗin tafin hannu ta gusa, aikin ya tashi a banza."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta da ƙarfinsa. Ta ɗauki jakarta ta tafi, ta daina amsa saƙonsa.

Malaminta ya ce hotunan farko, na kafin wankin, suna da kyau. In ta sake awo ta samu tashin jirgi ɗaya mai kyau kafin a rufe karɓar aiki, za ta tsira. Sai dai damina ta riga ta kankama, kullum iska da ruwa. Mai Jirgi ya ce mata da shi ta zaɓa da ba ta shiga wannan wahala ba. Ta ce, "Na sani. Za ka tayar min da jirgin ko in nemi wani?" Ya yi tsaki, ya ce zai tayar.

Wankau kuwa ya sa rigarsa mai kyau ya je ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, in ta faɗi ba laifinta ba ne. Ni na ɓata."

Ya ba da labarin duka. Baba ya dube shi ya sake dubawa.

"Wankewa ka yi?"

"Eh, Baba."

"Ka goge kuma?"

"Eh, Baba."

Tsohon ya juya fuska, kafaɗarsa ta ɗan motsa saboda dariyar da yake dannewa. Da ya juyo ya ce, "Sharaɗina yana nan. Tashi ka tafi."

Malama da Mai Jirgi suka yi ta fita filin suna komowa a jiƙe. Wata safiya dai gari ya waye garau. Baba da kansa ya ɗauko su da kayan awo a tsohuwar motarsa. Wankau yana can bakin katanga, ya kasa matsowa. Malama ta hango shi, ta yafito shi.

"Kai ma akwai aikinka. Tsaya nan, ka sa hannuwanka a baya. Kada ka taɓa komai."

"Ko na ga datti?"

"Musamman in ka ga datti."

Ya tsaya a rana har jirgin ya sauka. Da yamma saƙo ya shigo wayarsa:

"Na gaji, Wankau. Na gaji da fushin ma. Ka ci abinci?"

Ta ci jarrabawa. Ba ita ta zo ta ɗaya ba, amma ta wuce, an kuma aika taswirarta ga masu gyaran kwazazzabo. Baba bai yi jayayya ba, ya ce a turo.

Ranar ɗaurin aure ango ya makara. Shi ya goge kayan 'yan'uwansa da na abokansa, har da na Mai Jirgi, tasa rigar kuwa ya zura ta a gurguje. Aka ɗaura, aka yi addu'ar zaman lafiya da zuriya ta gari, kowa ya shafa. Yana tsaye a ƙofa yana karɓar gaisuwa, idonsa na lumshewa don gajiya, sai Baba ya zo wucewa. Ya tsaya a bayansa, ya miƙar masa da wuyan rigar da ya naɗe ciki, ya shafe kafaɗar da tafin hannu, ya wuce wajen baƙinsa. Ango bai ma waiga ba.