Fuska ta Goma Sha Biyu

Da hantsin Talata aka kira Sufeto Wardoyo wani ɗakin haya a garin Bantul. Shi dama masu zane ba su dame shi ba, a ganinsa daga shan kofi sai surutu. Amma da ya ga Ratri, mai zana littattafan labari, tsugune a bakin ƙofa ta ƙanƙame hannunta na dama, sai ya daina raina lamarin.

A kan teburinta an zana tafin hannu da tawada, an kafa wuƙa a tsakiya. Kwalbar tawadar ta kife, ƙasa duk ta yi baƙi.

"Me aka ɗauka, Mbak?" ya tambaye ta. A can da Mbak ake girmama budurwa, da Pak babban namiji, da Bu matar aure, da Mas kuma miji ko wa.

"Kwamfutata, Pak, da shafi ɗaya tak. Karin kumallo kawai na fita saye." Ta dubi teburin. "Mutum ɗari huɗu suka yi karo-karo a intanet don a buga littafin nan, ran Juma'a zan kai maɗaba'a. In na buga, mai wuƙar nan hannuna zai yanke ko?"

"Me ke cikin shafin?"

"Kasuwa ce. Duk wanda ya ba da tallafi mai tsoka, sai in zana fuskarsa cikin taron. Su goma sha biyu ne, su kaɗai na tura wa suka gani."

Sufeto ya miƙa mata fensir. "Zana min su da ka."

Sau biyu fensirin na karyewa. Fuska sha ɗaya suka fito, ɗalibai da ma'aikata masu murmushi. Ta sha biyun kuwa kunnenta a tsage yake, ga tabo daga gira har kunci. Sufeto ya gane ta. Shekara tara da suka wuce ya tsaya kan gawar wani mai gadi a tashar jirgin ruwan Cilacap, kuma mai wannan kunnen, Kasno, shi aka nema aka rasa.

"Shi ya turo miki hotonsa?"

"Matarsa ce, Bu Sumirah. Ta ce so take ta ba shi mamaki."

Da azahar Sufeto da kurata biyu suka tsaya ƙofar gidan Sumirah. Ga amalanken sayar da taliya a jingine. Sumirah ta leƙo, idonta a kumbure.

"Ina maigidan, Bu?"

"Mas Darmaji? Ya tafi garin Solo tun Lahadi."

Wato sunan da Kasno ke amfani da shi ke nan yanzu. Sufeto ya ɗaga silifan da ke bakin ƙofa ya juya su. Ƙasansu baƙi ƙirin, har tawadar ta shafi yatsansa.

"To su waɗannan su kaɗai suka dawo daga Solon?"

Idonta kawai ya karkata ga labule. Ƙarƙashinsa ga ƙafafu biyu, ga kan wuƙar yankan nama na ƙyalli, taku ɗaya daga bayanta. Sufeto ya ji tsoro, tsoro na gaske.

"Kasno," ya ce a hankali, "ajiye ta. Matarka ce a gabanka."

Can wuƙar ta faɗi ƙasa, mutumin ya fito yana haɗa gumi.

"Ni na kashe mai gadin, ni na shiga ɗakin yarinyar," ya ce. "Shekara tara, Pak, ko hoton aure ban yarda an ɗauka ba. Sai ina barci matar nan ta ɗauke ni a waya. Littafi ɗari huɗu, wasu har Cilacap za su! Ita kuma yarinyar ko kunnen ba ta gyara ba."

Sumirah ta zube ƙasa tana kuka. "Wane Kasno? Mas, ni fa hotonka ko ɗaya ba ni da shi. So na yi in riƙa buɗe littafi ina ganinka."

Bai iya kallonta ba. Kurata suka buga masa ankwa suka tura shi mota.

Sufeto ya kira Ratri. "Kai aikinki maɗaba'a, Mbak, hannunki ya tsira."

Ta daɗe tana sauke numfashi. "Gurbin na sha biyun fa, Pak? An riga an biya."

Ya dubi Sumirah, zaune a dakali rungume da silifan mijinta.

"Wadda ta biya za ki zana," ya ce.