Takardar Rasuwar Malam Zaidu

Zafin azahar na dukan kwanon ɗaki a Filinge kamar da gayya, Haske tana zaune bisa tabarma cikin zanen takaba, carbi a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun, tana sauraron saƙon muryar 'yarta Basiratu karo na huɗu. Yarinyar tana ƙoƙarin yin dariya, amma uwa ai ta san muryar mai jin yunwa. "Inna, kak ki damu, lahiyata lau... shayi da burodi dai nika sha kwana biyun ga. Mai ɗaki ya ce in watanni sunka ƙara taruwa sai in hita. Inna, don Allah takardar Baba kawai nika so, ita ɗai ta rage." Haske ta kifa wayar a cinya, hawaye suka zubo mata.

Shekarar Basiratu ta uku ke nan a wata jami'a a Amerika tana karatun aikin ruwa. Tallafin da ta ci kuɗin makaranta kawai yake biya, ɗaki da abinci kuwa daga fanshon mahaifinta suke fita, Malam Zaidu, wanda ya yi shekara talatin yana koyarwa a lakwal-lakwal, wato makarantun boko, na ƙasar Kurfai. Sai ga shi zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke shi. A can kuma doka ta hana ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa yin aiki a wajen makaranta, wanda aka kama gida za a koro shi, 'yan awoyin da take yi a ɗakin karatu kuwa ko rabin haya ba sa biya. Ƙofa ɗaya ce a buɗe: in wata masifa ta faɗa wa ɗalibi ba zato, yana iya neman izinin aiki a waje, muddin ya kawo shaida a rubuce. Matar ofishin ɗaliban waje ta tausaya mata ƙwarai, amma ta ce sai da takardar rasuwa. Takarda guda! Mutumin da rabin garin Filinge ya tsaya bayan liman ya yi wa salla, shi ne ake neman takarda ta faɗa cewa ya mutu!

Mai takaba ba ta yawon ofis, don haka aikin ya faɗa hannun ƙanen marigayi, Alhaji Magagi, babban ɗan kasuwar hatsi, wanda ya yi kama da yayansa har baƙi kan gaishe shi da sunan Malam. Tun ranar uku ya kwashe katin ɗan ƙasa na marigayi da tabarau da takardun fansho, wai zai adana. Duk ranar da Haske ta aika a tuna masa, amsa ɗaya ce: gobe. Gobe meri ba kowa, gobe mai sa hannu ya tafi garin Damana, gobe kasuwa ce. Wannan goben ta Alhaji sai da ta cinye wata huɗu da kwana goma cur! Da Basiratu ta kira shi tana kuka, "Baba, ka taimake ni, shekara guda tar rage mini," sai ya daka mata tsawa. "Wa ya aike ki? Ɗiya mace ta zamna cikin turawa tana neman izinin yawo? Ki taho gida in kin gaji!" Washegari magana ta zaga unguwa wai 'yar Malam ta lalace a waje, aikin gidan giya take nema. Yarinyar da ke salla da hawaye a ɗakin da ba ta iya biya, ita aka yi wa wannan ƙazafi.

Ranar da Haske ta fita takaba, ko lalle ba ta tsaya sawa ba, ta nufi meri. Ma'aikacin ya duba littafi, ya ɗago cikin ladabi ya ce ba wanda ya taɓa zuwa ya bayyana rasuwar, kuma wa'adin ya wuce, yanzu sai ta je kotu da shaidu biyu. Shaidu biyu a garin da kowa ya ci shinkafar sadaka, ai abu ne mai sauƙi, ko? Ina! Sule tela, wanda da hannunsa ya ɗinka likkafani, ya ce ƙafarsa na ciwo. Maƙwabcin da ya kama makara ya ce shi bai san hanyar kotu ba, kotun da ake hangowa daga ƙofar gidansa! Damina na tafe, rumbuna sun yi ƙasa, hatsin gari kuma a hannun Alhaji yake, kowa ya sunkuyar da kai. Haske ta bi gida bakwai tana roƙo, ta dawo da ƙafafu a kumbure.

Ƙawarta Dija ce ta ba ta shawara ta tafi Yamai ofishin fansho, ko a ba ta rabon matar marigayi ta aika wa yarinya. Ta sayar da tunkiyarta ta hau mota. A can wata ma'aikaciya ta buga sunan, ta dubi Haske sama da ƙasa. "Hajiya, wane marigayi? Zaidu ai da ransa. Watan jiya ma ya zo da kansa, da rawani da tabarau, ya dangwala yatsa don ya ce hannunsa na rawa." Haske ta tsaya tana haɗa maganar a ranta. Tabarau... kati... kama... Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashe goben Alhaji ke nan! Ya hana a rubuta mutuwar ɗan'uwansa don ya sa kayansa ya riƙa karɓar fanshonsa, marainiya kuwa tana can tana kwana da shayi.

Ta dawo ta same shi a zaure yana auna gero. "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Ban ce ka maido ko dala ba, takardar kawai ka bari a yi, ɗiyag ga ta samu ta ƙare karatunta." Ko kallonta bai yi ba. "Ke wa za shi yarda da maganarki? Ina shaidarki? Hita mini nan, in ba haka ba gidan ma da kike ciki na gado na, in sa a raba!" Ta fita tana tuntuɓe. A ranar Basiratu ta turo saƙo cewa mai ɗaki ya ba ta mako uku, ta kuma ce, "Inna, in bai yiwu ba, in haƙura in taho. Baba dai ya so shi ga na ƙare..." Haske ta ɗaga hannu sama, ta kasa haɗa addu'a, sai "Ya Allah, kai ka gani" take maimaitawa.

Da la'asar tana zaune a tsakar gidan Dija, rediyo na rataye a reshen darbejiya, aka shiga karanta sanarwar rasuwa ta mutanen garin Bankuku. Haske ta yi zumbur ta miƙe. Ai an yi wa Malam irin wannan! Ranar da ya rasu, Alhaji, wanda bai iya barin taro ya wuce ba a ambaci sunansa ba, shi da kansa ya je gidan rediyon gari ya ba da sanarwa, ya sa aka karanta ta safe da yamma har kwana bakwai, sunansa a gaba da na mamacin. Da safe ta isa can. Shugaban gidan, Abdulgafar, da ya ji ko matar wa ce sai ya durƙusa, ya ce Malam ne ya koya masa riƙon alƙalami a Tunfalis. Ya zazzage kwali uku, sai ga ta: "Alhaji Magagi, babban ɗan kasuwar hatsi, na sanar da rasuwar yayansa Malam Zaidu..." ga kwanan wata, ga hatimin shagonsa, ga yatsansa dangwale a ƙasa. Abdulgafar ya ce shi ne shaida na ɗaya, limamin da ya ja sallar, da kunya ta ishe shi, ya zama na biyu.

Ranar shari'a alƙali ya ajiye takardu biyu gefe da gefe, ta rediyo da ta ofishin fansho, ya ce, "Alhaji, a nan ka ce yayanka ya rasu. A nan, wata uku bayan haka, ya zo da ransa. Yatsan kuma iri ɗaya ne. Wanne daga ciki za mu ɗauka?" Mai tsawa a zaure sai ga gumi ya jiƙa masa babbar riga, ya fara wai shaiɗan ne. Jandarmomi suka fita da shi a gaban maƙwabtan da suka ƙi shaida, aka yanke masa ɗauri, aka sayar da hatsinsa aka mayar da abin da ya ci, masu yaɗa ƙazafi kuwa suka riƙa canza hanya in sun hango Haske.

A ranar kotu ta ba da takardar rasuwar, Abdulgafar ya ɗauki hotonta ya tura wa Basiratu. Matar ofishin ɗaliban waje ta nuna wa mai ɗaki ita ya ƙara haƙuri, bayan wata uku katin izini ya fito, Basiratu ta samu aiki a wani gidan burodi, shekara na zagayowa ta kammala karatun da mahaifinta ya yi wa buri. Amma abin da Dija ba ta mantawa shi ne ranar da aka miƙa wa Haske takardar a ƙofar kotu. Matar da ta yi wata da watanni tana faɗa don a rubuta cewa mijinta ya mutu, da ta ga sunansa a rubuce sai ta zauna a ƙasa ta rungume takardar a ƙirji. "Dija," ta ce cikin kuka, "duk kwanakin ga ban samu zaman yi mishi kuka ba. Bar ni... yau Malam yar rasu."