Ƙafar Da Ta Ƙi Ɗaguwa

"Taka da dunduniya, ki zo wurina," in ji likita.

Tela, budurwa mai ɗinki, ta ɗaga yatsun ƙafar dama. Na hagu suka ƙi. Ƙafar ta kwanta a ƙasa kamar ba tata ba.

Direba, saurayinta, yana tsaye a bakin ƙofa. Ya kau da kai.

Likita ya kwantar da ita, ya ɗaga ƙafar a miƙe. Zafi ya tsarga mata daga ƙugu har babban yatsa. Ya tsikare ta da allura a bayan ƙafar, ba ta ji ba. Ya tambaya ko fitsari yana kuɓuce mata. A gaban Direba! Ta rufe ido, ta girgiza kai.

Da ya matsa mata, ta faɗi gaskiya. Tun ranar da ta ɗaga keken ɗinki ita kaɗai bayanta ya amsa. Ta ɓoye don kada a ɗage bikinsu, goggonta ta yi ta taka mata baya.

Hoto ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya zame, ya danne jijiya. Likita ya ce sai tiyata. Ciwo zai tafi, ƙafa kuwa an makara, sai yadda Allah ya yi.

A mota Direba ya riƙe hannunta.

"Hasken idona, ko a goye sai na kai ki ɗakina."

"Kai da buhu ma sai an kama maka..."

Suka yi dariya. Ita ce dariyarsu ta ƙarshe.

'Yar ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta daɗe tana sonsa, ta kai labari gida, ta ƙara gishiri. Uwar Direba ta ce mai mataccen baya da me za ta goya mata jika.

Aka yi tiyata. Ciwo ya tafi. Aka sa wa ƙafar takalmin roba mai tallafe ta. Kullum Tela tana ɗakin motsa jiki, tana jan jiki tsakanin ƙarafa biyu. Zuwan Direba ya ja baya.

Ran nan ya shigo cikin sabuwar riga. Ya ce ya gaya wa Umma likita ya ce za ta haihu, za ta yi goyo. Ya roƙi Tela ta ƙara haƙuri.

"Me ta ce?"

Ya gyara wuyan rigarsa.

Tun haɗuwarsu ita take masa ɗinki. Ta dubi wuyan rigar, ta dubi aljihu. Ba hannunta ba ne.

"Wa ta ɗinka maka?"

"'Yar ƙanwar Umma ce ta kawo... Umma ta ce in sa."

"Kuma ka sa."

"Masoyiyata, saurara..."

"Je ka. Wuyan ya karkace, amma za ka saba."

Ya tsaya jim, ko za ta kira shi. Tela ta damƙi ƙarfe, ta juya masa baya, ta ja ƙafar hagu gaba.