Ƙyallin Motar Baba

"Baba don Allah kar ka yanke hukunci a gaban mutane..."

Shona ce ke roƙon mahaifinta. Kasuwar masu tara motocin wasa ta garin Ballarat a Ostareliya ta cika maƙil, ƙamshin soyayyen naman sosej da albasa na shigowa ta ƙofar zaure, ita kuwa zufa ce kawai ke karyo mata.

A teburin mahaifinta Merv, 'yan motoci biyu ne na ƙarfe, kowace tsawon yatsa, iri ɗaya, shunayya duka. Ɗaya tasa ce, yana ɗan shekara tara ya saye ta da hannunsa. Ɗayar saurayinta Declan ne ya kawo masa kyauta ranar da ya zo neman auren Shona, ya ce fentinta na asali ne. A wurin mutanen nan kuwa, ka sake wa mota fenti ka ce na asali ne, ka gama zubar da mutuncinka.

Brett, wanda Shona ta ƙi aurensa har sau uku, ya ranƙwafo yana murmushi.

"Kawu Merv, kalli taka mana. Ƙyalli mai kauri, kamar zuma! Tasa fa? Fayau. Mutumin da sana'arsa fentin mota, me zai gagare shi?"

"Kai dai baƙin ciki zai kashe ka!" Shona ta ce.

"Ni gaskiya na faɗa, 'yan mata."

Merv ya jera motocin, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ba su zo ɗaya ba, makaho ma ya shaida.

"Tawa ba wanda ya taɓa ta, shekara hamsin tana cikin gilashi. Declan, me ya raba su?"

Declan ya dubi motar tsohon, ya daɗe yana dubanta, sai ya sunkuyar da kai.

"Ba ni da abin cewa, Baba."

Shona ta riƙo hannunsa.

"Masoyina yi magana mana! Ka ce wani abu... ko don ni..."

Declan ya kawar da kai.

"Wanda ya cuce ni a motar wasa, zai cuce ni a 'ya," Merv ya ce. "Ɗauki kayanka. Maganar aure kuma..."

"Dakata, Baban Shona!"

Mama Noelene ce, matar Merv, ta dire fulas ɗin shayi, carbinta a dunƙule a hannu, fuskar nan ta yi jawur.

"Gobe Lahadi, ba zan shiga coci da wannan a wuyana ba. Shekarar da na haifi Shona ina goge kabad, motarka ta suɓuce min. Rufin ya ƙarje. Tsoro ya kama ni, na ɗauko man farce mara launi na shafe ta tas."

"Man... me?"

"Man farce. Shafi biyu ma, don na farko bai kwanta ba."

Wani dattijo a teburin gefe ya dafe ƙirji kamar an yi masa mutuwa.

Merv ya miƙe tsaye. Ya sa farar safar hannunsa, ya kwashi motocin ya yi waje, jama'a na biye. A cikin rana ya ɗora gilashin ƙara girma. Ga sawun buroshi nan layi-layi a rufin tasa, har da silin gashi ɗaya kwance a ciki. Ta Declan kuwa fenti siriri, ƙarfen na haskowa ta ƙarƙashi, da 'yan ɗige-ɗigen tsufa.

Aka waiga, Brett ya sulale wai zai sayo sosej.

"Ka gani tun ɗazu?" Merv ya tambayi Declan.

"Tun ranar da na fara shiga falonka, Baba. Aikina ne."

"Ka bari na kira ka macuci?"

"Kullum labarinta kake ba ni, yadda ka yi ta yankan ciyawar maƙwabta kafin ka same ta. Ban iya faɗa maka a gaban abokanka ba."

Shona ta kai masa duka a kafaɗa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Saura ƙiris ka rasa ni saboda kunya! Wawan masoyina..."

"Da na dawo ta ƙofar baya, rabin raina. Mama za ta buɗe min."

"Ni kar ka sa ni, nawa laifin ya ishe ni," Mama Noelene ta ce.

Merv ya harare ta.

"Shekara ashirin da shida, Noelene!"

"Shekara ashirin da shida kana nuna wa baƙi kana cewa ba mai ƙyallinta. Na ji ka yi ƙorafi?"

Dariya ta ƙwace wa mutane. Tsohon ya ja numfashi, ya miƙa wa Declan motar tasa a tafin hannu, abin da ko Shona bai taɓa yi wa ba.

"Man farcen zai ciru?"

"Zai ciru, amma sai a hankali. Wata uku ko fi."

"Ba za ta kwana a waje ba. A gidana za ka yi aikin, duk Lahadi bayan coci." Ya saci kallon 'yarsa. "Wata ukun ya isa ɗinkin rigar amarya?"

Shona ta faɗa jikinsa tana kuka tana dariya.

Mama Noelene ta sumbaci carbinta, ta ɗau fulas.

"Ya isa har ya yi saura. Ku zo ku sha shayin nan kafin ya huce."