Zaren da Ya Tsinke a Gaban Masaƙa

A can wani zamani, a wani gari na manoman auduga, an yi wata injiniya. Tun tana yarinya take tsintar auduga a gonar mahaifinta. Da ta yi karatu sai ta kama aiki a gidan gurza, ta koma kamfanin saƙa, daga ƙarshe ta zauna a cibiyar bincike tana ƙera injin kaɗi.

Shekaru suka yi ta wucewa. Ta ƙulla zare ya tsinke, ta ƙulla ya tsinke, har furfura ta fito mata. Ta gaji tiƙis.

Ranar da masaƙa za su zo ganin injin, abokin aikinta ya ce, "Injiniya, yayyafa wa audugar ruwa mana. Idan ta yi danshi zaren ba zai tsinke ba, sai sun kai shi gida ya bushe. Ki huta haka nan."

Ta ɗauki buta, ta daɗe tana kallonta, don kuwa tana son hutun nan. Sai ta ajiye.

Masaƙa suka taru, ta kunna injin, zare ya tsinke a gaban kowa. Suka watse suna dariya, sai wani tsoho ya tsaya.

Ya ce, "'Yata, na sha sayen zaren da ba ya tsinkewa sai a gidana. Naki a gabanki ya tsinke. Ranar da kika gama, ki fara aiko mini."

Ta ce, "To, Baba." Ta share gumi, ta sunkuya, ta sake ƙulla zaren.