Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ku matso. Kai Nafi'u, kashe wayar nan, ko in kama bakina. Yawwa.

Kun san Kawu Ɗayyabu, wanda kuke cewa ba ya dariya? Da yana yi. Ni na san shi yana yi.

Shi ɗan fari ne. Kun kuwa san halin iyayen da, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, kunya ce. Innarsa, Tabawa mai daddawa, ta riƙe kunyar nan gam. "Kai." "Yaron nan." "Wancan." Iyakar rabonsa ke nan. Ƙannensa a kira su har da kirari, shi ko oho. Ya san al'ada ce, amma sanin bai hana abin cinsa a rai ba.

Da ciwo ya kwantar da ita, yana birni wajen aiki. Ya ce sai Asabar zai zo. Ta cika ranar Alhamis. Goggonsa ta ce masa har numfashinta na ƙarshe tambaya take yi, "Yaron nan bai iso ba?" Ko a bakin mutuwa ba ta faɗa ba. Wayyo, abin tausayi.

Da kaka ta yi, wata Asabar ya dawo garinsu, Durumawa. Zaman gida ya gagare shi, ya ce bari ya taka ya ga gari. An yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, gyaɗa shanye a kowace ƙofa. Ya bi ta lungun maƙera, ya wuce rusasshiyar ganuwa. Ƙafa dai ta san inda zuciya take so. Sai ga shi a tsohuwar kasuwa.

Tun da aka yi kwalta kasuwa ta koma bakin titi, wannan ta zama kufai. Rumfuna sun zube. Mutanen gari ba sa ratsa ta da rana tsaka, kowa ya sani. Shi ma ya sani. Ya shiga.

Shiru. Ko kukan kurciya babu. Ganyen durumi yana faɗowa, ba ya ƙara.

A gindin durumin nan, inda Inna take zama da, akwai mace zaune. Ta ba shi baya. Zanen saƙi, ɗaurin kallabi ya karkata hagu. Ƙwaryar daddawa a gabanta, cike fal. Ya ja numfashi, domin daddawar Inna tun daga bakin kasuwa ake jin ta. Wannan ba wari. Ko ƙuda ɗaya bai sauka a kanta ba.

"Ɗayyabu."

Muryar Inna ce. Har ɗan dushewar nan ta hayaƙin murhu.

Ya tsaya cak. Mutum mai furfura a gemu, sai ga hawaye shar.

"Ɗayyabu, ka yi latti. Zo ka ɗaukar mini ƙwaryar nan, ka raka ni gida."

Ta nuna da hannu ba ta juyo ba. Ba hanyar gida ta nuna ba. Wajen tsoffin ramukan marina ta nuna, waɗanda ciyawa ta rufe bakinsu. Wanda ya ɗauki kayan mutanen ɓoye kuwa, ya bi su ke nan, sai dai labari.

Ya ce, "Ke ba Innata ba ce. Innata ba ta kiran sunana."

Ta yi 'yar dariya.

"A gabanka ba. Da can, in kasuwa ta watse, kowa ya tafi, sai ta zauna nan tana kankare ƙwarya tana faɗinsa a hankali. Ɗayyabu. Ɗayyabuna. Ta ɗauka ba mai ji. Mu muna bisa durumi. A bakinta muka tsince shi."

Ya dafe ƙirji. "Da gaske?"

"Ɗauki ƙwaryar. Kullum za ka riƙa ji."

"Sake faɗa."

"Ɗayyabu."

Ya matsa. Wallahi ya matsa, har ya miƙa hannu. Kada ku ga laifinsa, ku da ake kiran sunanku safe da yamma har kuna tsaki. Yatsunsa saura kaɗan su taɓa ƙwaryar, ya ji sanyi na fitowa daga cikinta kamar bakin rijiya.

Sai ya tuna Inna. Matar da ta haɗiye sunan nan tsawon rayuwarta don kunya, ita ce yau zai je ya karɓi asirinta a bakin wata? Kunya ta kama shi, irin tata.

Ya janye hannu. Ya yi a'uziyya da ƙyar. Ya juya.

"Ɗayyabu."

Bai waiwaya ba.

"Ɗayyabu, za ka sake barina?"

Nan ne ya kusa faɗuwa. Ya toshe kunnuwa, yana tafe yana kuka, muryar na bin sa rumfa rumfa, tana roƙo, tana kiran sunan da ya yi ta jira tun yana yaro. Sai da ya tsallake ganuwa ta ɗauke ɗif.

Ya yi jinya har aka gama sussuka. Da ya miƙe, ya je wajen limamin gari ya kwashe labari duka. Tambaya ɗaya gare shi.

"Malam, abin da ta ce Inna tana yi, gaskiya ne?"

Liman ya ce, "Aljani maƙaryaci ne, Ɗayyabu. Amma wani lokaci yakan faɗi gaskiya."

"Wannan fa?"

"Allah ne masani. Ka yi mata addu'a."

Har yau bai sani ba. Ya ce mini da dukansa aljanun suka yi, da tuni ya warke.

Saboda haka ku ji da kyau. In kun je Durumawa da kaka, ku sha yawonku, ku ci gyaɗa, ku ga ganuwa. Amma kada wanda ya ratsa tsohuwar kasuwa shi kaɗai, balle da kewar wani a ransa. Su ba su da abin sayarwa sai abin da ka rasa.

Ku tashi haka nan. Nafi'u, Umma na kira, amsa mata.